Toshe enzayim da tasirin radiyeshan a kan sankarar jini

Malama, kin tambaya ko magungunan toshe enzayim suna sa radiyeshan ya fi kashe ƙwayoyin sankarar jini. E, amma ya danganta da enzayim ɗin da aka toshe. Radiyeshan yana tsinka DNA, wato sinadarin gado da ke cikin ƙwayar halitta, su kuma enzayim irin su PARP, ATM da DNA-PK ne ke ɗinke ta. In aka toshe su, kamar yadda maganin olaparib ke toshe PARP, ɓarnar takan taru har ƙwayar ta mutu.

A gwajin da za ki yi a Jami'ar Jos, ki zuba maganin kamar awa 1 kafin haskawa, domin ɗinkin yana farawa cikin mintuna kaɗan. Ki gwada shi a lafiyayyun ƙwayoyin ɓargo ma, don su ma yana raunana su.