Amsa ga mai tafiya Indonesiya: ka kula da sauron rana

Ɗan'uwa, ka ce za ka yi wata biyu a Indonesiya, kana tambayar yadda za ka kare lafiyarka. Sau uku na je can, ta farkon kuwa na ji jiki.

Na tafi da gidan sauro, a zatona na gama da maganar. Ashe sauron da ke kawo zazzaɓin dengi da rana yake cizo, musamman da sassafe da gab da faɗuwar rana. Ɗan ƙarami ne baƙi, mai fararen zane a ƙafafu. A ƙarƙashin teburin aikina ya yi ta cizona a idon sawu, ban ɗauke shi bakin komai ba. Kwana biyar sai zazzaɓi ya kwantar da ni, ga ciwo a bayan idanu, gaɓoɓi kamar ana sara. Har na ɗauko ibuprofen, Allah ya sa na fara zuwa asibiti. Likitar ta ce shi da asfirin kan jawo wa mai dengi zubar jini, farasitamol kawai zan sha da ruwa mai yawa. Don Allah ka riƙe wannan. Ka sayi man shafawa na korar sauro mai sinadarin DEET, ka shafa tun da safe, ka sa safa da dogon wando ko da zafi ya dame ka.

Maleriya kuwa ta danganta da inda za ka. Jakarta babu fargaba, amma idan yankin Papuwa ne, ga likita kafin ka tashi. In ya ba ka doxycycline, maganin rigakafin maleriya, sai ka ci gaba da sha mako 4 bayan ka baro yankin. A nan mutane da yawa ke sakaci.

Idan daga ƙasar da ake samun cutar shawara za ka taso, yi allurar rigakafinta aƙalla kwana 10 kafin tafiya. Tun 2016 katin allurar na har abada ne.

Ruwa sai na gora mai hatimi, ƙanƙarar da ba ka san asalinta ba ka bar ta. In gudawa ta zo, haɗa wannan ka riƙa sha: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, sukari cokalin shayi 6, gishiri rabin cokalin shayi.

A tsibirin Bali kada ka yi wasa da kare ko biri, saboda ciwon haukan kare. In an cije ka, wanke wurin da sabulu minti 15, ka nufi asibiti a ranar.

Bayan ka dawo, in zazzaɓi ya taso, faɗa wa likita inda ka je tun kafin ya tambaya.