Tambaya da Amsa: Tsuntsun Seshels da ya kusa ƙarewa

Tambaya: Malam, na ji an ce akwai wani ɗan tsuntsu mai cin ƙwari da babu shi ko'ina sai a ƙasar Seshels, wasu tsibirai da ke Tekun Indiya, wai har ya taɓa raguwa zuwa ƙasa da talatin. Yaya aka yi bai ƙare ba?

Amsa: Gaskiya ka ji, ɗan'uwa. Masana na kiransa Acrocephalus sechellensis. Tsayinsa kusan santimita 14, nauyinsa wajen giram 15, launinsa ruwan ƙasa mai ɗan kore. Ƙwarin da ke maƙale a ƙarƙashin ganye yake tsinta, kuma a nan matsalar ta samo asali. Da aka sare itatuwan asali aka dasa kwakwa, ƙwarin suka yi ƙaranci. A 1968 kimanin 26 kawai suka rage, duk a tsibirin Cousin, wanda bai kai kadada 30 ba.

A shekarar ne ƙungiyar kare tsuntsaye da yanzu ake kira BirdLife International ta sayi tsibirin. Ba a sa tsuntsun a keji ba, ba a ciyar da shi ba. Kwakwar aka rage, aka bar itatuwan asali irin su Pisonia suka sake tofowa. Zuwa farkon shekarun 1980 sun haura 300, sai adadin ya tsaya cak, domin kowane lungu ya samu mai shi.

To ga inda aikin yake. Tsuntsun nan yana da fiffike lafiyayye, amma da ƙyar yake yarda ya ƙetare teku, ko da tsibirin gaba ido na hango shi. Dole aka kama su aka kai su wasu tsibiran ƙasar: 29 zuwa Aride a 1988, wasu 29 zuwa Cousine a 1990, 58 zuwa Denis a 2004, 59 zuwa Frégate a 2011. Kafin a kai su sai an tabbatar babu ɓera, kuma an auna yawan ƙwarin da ke ganye. Ko da haka, a Denis wani baƙon tsuntsu, maina, ya riƙa kai wa matan hari a kan sheƙa, sai da aka kawar da shi.

Galibi ƙwai ɗaya mace ke yi, saboda haka kowace asara babba ce. Inda wuri ya cika, 'ya'ya mata kan zauna su taya iyaye reno maimakon su kafa tasu sheƙar. Yanzu yawansu ya kai wajen 3,000, kuma a 2015 aka cire shi daga jerin tsuntsayen da ke fuskantar barazanar ƙarewa.