Yashi ba ya kashe taɓo

Kai yaro, wai me zai hana a kawo tifa ɗaya ta yashi a juye a bakin barga, taɓon ya mutu? Ku 'yan zamanin nan komai sai dai a lulluɓe shi daga sama, a ɗauki hoto a waya. Ɗaga kanka ka dubi rufin can. Ruwan sama na milimita 1 a kan murabba'in mita 1, lita guda ce cur. Rufi mai murabba'in mita 100, in aka tafka ruwa na milimita 25, lita 2,500 ce ke zubowa, kuma duk a ƙofar da dawaki ke tattakawa. Ingarma mai nauyin kilo 500 ya kafa kofato a wurin safe da yamma, yashin naka ai sai ya nutse, laka ta dawo sama.

Wani mai kuɗi ya taɓa kirana, goɗiyarsa na ɗingishi. Na ɗaga ƙafar, warin kaɗai ya isa: tsakiyar kofaton ya ruɓe ya yi baƙi, dunduniya duk ƙuraje, saboda tsayuwa cikin caɓi da toroso. Na ce masa aikin kashi uku ne. A sa wa rufi magudana ta kai ruwa bayan shinge, a haƙa kwata ta saman gangare ta tare ruwan da ke gangarowa, sannan a kankare laka har a taras da ƙasa mai tauri, a shimfiɗa yadin nan da ke raba ƙasa da tsakuwa, a zuba tsakuwa kaurin santimita 15 a daddaɓe. Ya ce na yi masa daidai. Na ci bashin kaya da sunana, na kawo. Da na juya baya sai ya kwashe rabin tsakuwar ya gyara hanyar motarsa, ya ce wa yarana magudana ado ce, a cike sauran da yashi. A kan yashin nan kuma suke watsa wa dawaki ciyawa. Doki in yana tsintar abinci a kan yashi haɗiya yake yi, ya taru a hanji. Damina ba ta raba ba ingarmansa ya kwanta da ciwon ciki, ruwa kuma ya ci gindin shinge ya buɗe kwazazzabo. Ka san me ya gaya wa jama'a? Wai ni ne ban iya aiki ba. Cikon kuɗina har yau yana hannunsa, ni na biya mai tsakuwa daga aljihuna. Allah ya isa.

Yadda ake fitar da gangaren filin tsakuwar don ruwa ya wuce kuwa, santimita 2 a kowace mita, wannan ko wawa ya sani, kada ka ɓata min lokaci. Kwashe toroso kullum ma ba sai na faɗa ba.

Abin da ba ku da haƙurinsa shi ne kiwo. Doki da haƙoran gaba yake datse ciyawa har ƙasa. In tsayinta ya gaza santimita 8, fitar da dawakin daga wurin kiwo, a tsare su a filin tsakuwa har ta tofo ta kai 15 ko 20. Saiwa ce ke riƙe ƙasa. Inda zaizaya ta riga ta fara, dasa jema a jere ta gitta gangaren, ka kewaye ta kada su tattake. Gobe da sassafe ka janye kwamin ruwan can daga kwari, ka kai shi tudu.