Ƙaramin gari a Ingila da yaro mai buƙata ta musamman

'Yar'uwa, saƙonki ya iso. Kin ce maigida ya samu aiki a Ingila, kuna da yaro ɗan shekara shida da ba ya magana, ba ya tafiya sai a keke, an kuma ba ku shawara ku guji Landan ku nemi ƙaramin gari inda kowa ya san kowa.

Mai shawarar bai yi ƙarya ba. A ƙaramin gari haya ta fi sauƙi, ana iya samun gidan ƙasa mara bene, makarantar firamare ƙarama ce har shugabarta ta san kowane yaro da sunansa. Yaron da hayaniya ke firgita shi yana samun natsuwa, kuma ba a daɗewa ake sabawa da shi a daina binsa da ido. Uwar da ta sha kallon mutane ta san darajar wannan. Sai dai abin da ke ba ni haushi shi ne masu kwaɗaita muku garin ba sa faɗin sauran.

Fara da biza. Ku tabbatar irin tasa tana ba da damar zuwa da iyali, domin tun Maris 2024 an hana sabbin ma'aikatan kula da tsofaffi zuwa da iyalansu. In ta ba da dama, galibi akwai kuɗin lafiya: fam 1,035 a shekara kan babba, fam 776 kan yaro, a biya na duk shekarun bizar kafin a taso. Sannan bizar aiki na zuwa da sharaɗin ba ku da rabo a tallafin gwamnati. Kuɗin yara masu nakasa da ake kira DLA, da alawus ɗin mai jinya, ba naku ba ne, motar da shirin Motability ke ba masu nakasa haya kuma a kan DLA ta rataya. Naku su ne makaranta kyauta, asibitin gwamnati na NHS, da takardar EHCP, wato tsarin ilimi, lafiya da kulawa da ake rubuta wa yaro mai buƙata ta musamman.

Wannan takardar ce ƙashin bayan komai. Ita ke tilasta wa hukuma ta samar wa yaro abin da aka rubuta a ciki: mai taimaka masa a aji, mai koyar da magana, gashin ƙashi, ko gurbi a makaranta ta musamman. Ba sai makaranta ta nema ba, ke da kanki za ki rubuta wa hukumar yankin da zarar kun samu adireshi. Doka ta ba su mako 6 su ce za su duba yaron ko a'a, mako 20 su kammala. Kusan rabi ba sa fitowa a kan lokaci. In sun ƙi, kuna da wata biyu ku ɗaukaka ƙara a kotun da ke sauraron irin wannan, kuma iyaye ne ke cin galibin shari'un da aka yanke. Kada kunya ta sa ki yi shiru, a nan wanda bai rubuta ba bai nema ba. Ki lura kuma, ba garin ke yanke hukunci ba, hukumar gundumar ce, wadda ofishinta kan yi nisa da ku. Kirkin maƙwabta ba ya sa fayil ya motsa.

Sai nisa, wanda shi ke karya mutane. Ƙaramin gari ba lallai ya kasance da makaranta ta musamman ba, wadda ke kusa kuma takan cika. Ana ba da motar makaranta kyauta ga yaron da ba zai iya takawa ba, ƙa'idar gwamnati kuma ta ce tafiyar ɗan firamare kada ta wuce minti 45, amma a karkara ana wucewa. Manyan asibitocin yara suna birane: Great Ormond Street a Landan, Alder Hey a Libaful, da na Birmingham, Manchester da Sheffield. In akwai farfaɗiya ko sikila a lamarin, ku auna nisan nan da minti kafin komai. Bas a ƙauye kan ɗauke da yamma, wani wurin babu shi ranar Lahadi. Lasisin tuƙin Najeriya wata 12 kawai yake aiki, daga nan sai an ci jarrabawarsu, don haka ki fara neman ranar jarrabawa da wuri, layin na da tsawo.

Kada kuma ki ɗauka gaisuwar maƙwabta za ta zama dangi. Za su yi miki murmushi, su riƙe miki ƙofa, amma ba wanda zai karɓi yaron ya kwana da shi don ki runtsa. Hutun da hukuma ke shirya wa iyaye sai an tantance an shiga layi. A watan Disamba kafin ƙarfe huɗu duhu ya yi, maigida na wurin aiki, ke kaɗai da yaro.

Kafin ku sa hannu a takardar haya, ki buɗe shafin hukumar yankin, kowacce doka ta wajabta mata wallafa abin da take yi wa irin waɗannan yara. Ki kira makarantu biyu ko uku ki nemi malamin da ke kula da masu buƙata ta musamman, ki tambaye shi kai tsaye ko akwai gurbi, ko keke na shiga aji da banɗaki. Ki taho da duk rahoton likita da Turanci, katin rigakafi, da ainihin sunayen magungunansa da adadin da yake sha. In da hali, ku zaɓi ƙaramin garin da ke kan layin jirgin ƙasa, wanda bai wuce rabin awa daga birni mai asibitin yara ba, ku kuma yi rajista da likitan unguwa a makon farko, domin ta hannunsa ake tura yaro ga ƙwararru da masu ba da keke.