Mabuɗin Photoshop na "har abada" a jaka goma: in saya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da ɗan shago a Wadata, nan Yamai, ina tsara katin biki da na suna da allunan talla a kwamfuta. Shekara uku ke nan da wani mai gyara ya zuba mini manhajojin zane, Photoshop da CorelDRAW, a jaka biyu. Yanzu kullum saƙo na fitowa cewa Photoshop ɗina ba na gaskiya ba ne. Wani a WhatsApp ya ce zai sayar mini da mabuɗi, wato lambar lasisin manhajar, na har abada a jaka goma. In saya?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Riƙe kuɗinka. Tun 2013 kamfanin Adobe, mai Photoshop, ya koma tsarin haya da ake kira Creative Cloud: ka biya wata-wata ko shekara-shekara, ka shiga da adireshin imel ɗinka. Photoshop na ƙarshe da aka sayar sayen dindindin shi ne CS6, na 2012. Saboda haka duk wanda ya ce yana da mabuɗin har abada na sabon Photoshop, abin da babu shi yake sayarwa. Ko dai ya turo maka wata fasasshiyar manhajar, wato wadda aka karya kariyarta don ta yi aiki ba biya, irin wadda kake da ita, ko ya jona ka a asusun wata makaranta ko wani kamfani, ko asusun da aka biya da katin banki na sata. Zai yi aiki mako biyu ko wata uku, ranar da aka rufe shi kuma ka nemi mutumin a WhatsApp ka ga ya toshe ka.

Amma ni ba saƙon nan ne ya fi damuna ba. Ka tuna ranar da mai gyara ya zuba maka manhajar: abu na farko da irinsu ke yi shi ne kashe antibirus, don in ba a kashe ba zai kama fayil ɗin fashin. Wato ka sallami mai gadi, ka buɗe wa baƙon da ba ka san asalinsa ba ƙofar ɗaka. Masu fasa manhaja da yawa ba don Allah suke rabawa ba. Akwai wata cutar kwamfuta mai suna STOP ko Djvu, wadda ta bazu tun 2018, kuma babbar hanyarta ita ce irin waɗannan fasassun manhajoji. Takan kulle duk fayilolin mutum, ta bar masa takarda cewa ya biya dalar Amurka 980, ko 490 in ya biya cikin kwana uku. Cikakken kuɗin ya haura rabin miliyan na sefa. Wasu cututtukan, irin RedLine da Lumma, ba sa ma yin hayaniya: suna kwashe kalmomin sirri da aka adana a burauza, na Facebook da imel da banki, su tura wa mai su. Kai da hotunan amaren mutane da tambarin 'yan kasuwa ke cikin kwamfutarka, ka duba abin da za ka faɗa wa uwar amarya saura kwana huɗu biki.

Ga abin da zan yi in ni ne. Yau ɗin nan in kwashe ayyukana a wani faifai na waje, in cire shi in ajiye. In sa a goge kwamfutar gaba ɗaya a sake zuba Windows, domin cire Photoshop kaɗai ba ya korar abin da ya shigo tare da shi. Sannan in canza kalmomin sirri daga wayata.

Game da doka, Nijar na cikin OAPI, ƙungiyar kare haƙƙin mallakar fasaha ta Afirka, kuma yarjejeniyar Bangui da ta kafa ƙungiyar ta sa manhajar kwamfuta cikin ayyukan da haƙƙin mallaka ya kare. Ban cika tsorata mutane da wannan ba, don asarar fayiloli ta fi kusa da kai.

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce a Tawa, ina koyon zane don in riƙa samun na kashewa. Ba ni da katin Visa, ba ni da kuɗin hayar manhaja. Me zan yi in ba fasasshiya ba?

Amsa: 'Yata, ke kin ma fi shi sa'a, tunda hannunki bai riga ya saba da komai ba. Inkscape kyauta ne kuma halal, yana aikin tambari da katin gayyata irin na CorelDRAW, har yana buɗe fayilolin CDR, wato na CorelDRAW, ko da yake wani lokaci rubutu kan goce sai kin gyara. GIMP na gyaran hoto ne, fitowarsa ta 3.0 ta zo a 2025. Scribus kuma shi ke fitar da PDF mai launin CMYK, wato tsarin launukan tawada huɗu da maɗaba'a ke so, wurin da Inkscape ke da rauni. Sai Affinity na zane da gyaran hoto, wanda kamfanin Canva ya saya a 2024, ya mayar da shi kyauta a Oktoban 2025. Asusun Canva kawai ake buƙata, yana buɗe fayilolin Photoshop, kuma a ganina da shi ya kamata ki fara. Sharaɗi ɗaya: daga shafin masu manhajar za ki sauke, ban da mahaɗin da aka liƙa ƙarƙashin bidiyon YouTube.

In wata rana babban aiki ya zo da dole sai Adobe, ki sa kuɗin hayar wata ɗaya cikin farashin da za ki gaya wa mai aikin. Sai dai ki karanta da kyau kafin ki danna: akwai tsarin wata-wata zalla, akwai na shekara da ake biya wata-wata. Na biyun ya fi araha a ido, amma in kin fasa bayan kwana 14, za a caje ki rabin kuɗin watannin da suka rage. A kan wannan ne gwamnatin Amurka ta kai Adobe ƙara a 2024. CorelDRAW kuwa har yanzu ana sayar da shi sayen dindindin, in kin tara kuɗin.