Likita, da gaske ne daji ba ya son ƙarfe?

Tambaya: Likita, sankarar mama ce ajalin mahaifiyarmu shekara huɗu da suka wuce. Yau wata biyu ke nan ina jin ƙullutu a mamana na hagu, ba ya ciwo. Gwaggona ta ce gado ne, kuma kada in kuskura a taɓa shi da allura don daji ba ya son ƙarfe. Shekarata 36, barci ya gagare ni. Daga wata uwa a Unguwar Rogo, Jos.

Amsa: Allah ya jiƙan mahaifiya, ya sa jinya ta zama kaffara. 'Yar'uwa, yawancin ƙullutun mama ba daji ba ne, amma hannu ba ya rabe wannan da wancan, ko da hannun likita ne.

Ga yadda daji yake farawa. Duk lokacin da ƙwayar halitta za ta rabu biyu, sai ta kwafe rubutun DNA ɗinta, wato umarnin da ke tafiyar da aikinta, harafi kusan biliyan 6. Mai kwafar irin wannan ba ya rasa tuntuɓen alƙalami. Jiki na gyara mafi yawa, wanda ya ƙi gyaruwa kuma ƙwayar ta mutu. Matsala sai kuskuren ya faɗa kan sassan da ke ba da umarnin rabuwa, ko masu taka birki irin su TP53, wanda ake samu a lalace a kusan rabin cututtukan daji. Totur ya maƙale, birki ya tsinke, ƙwayar ta yi ta rabuwa har ta zama ƙari. Kuskure ɗaya ba ya isa, taruwa suke yi shekara da shekaru, taba da giya da wasu ƙwayoyin cuta irin su HPV suna ƙara musu gudu. Ƙarin da ya tsaya wuri ɗaya da sauƙi. Wanda ya koyi kutsawa cikin jini da kaluluwa shi ne daji.

Batun gado, Gwaggo ta ɗan taɓo gaskiya. Kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari ne kawai ake gadowa, misali lalacewar sassan DNA da ake kira BRCA1 ko BRCA2. Ko uwa na ɗauke da ita, kowane ɗa rabi da rabi ne, kuma haɗarin ake gada, ba ciwon ba.

Sai maganar ƙarfe, wadda ta ishe ni. Da wuya mako ya wuce ban ji ta ba. Rubutun da ya lalace a cikin ƙwayar halitta bai san allura ba, bai san wuƙa ba. Abin da ke faruwa shi ne, mace ta ji ƙullutu kamar ƙwayar gyaɗa, a ce mata jifa ne, ta shekara ana shafe-shafe da hayaƙi. Ranar da za a kawo mana ita, mama ya fashe, an naɗe shi da tsumma da wani baƙin ƙulli, wari ya riga ta shiga ɗaki, ciwon ya kai hanta ko ƙashi. Mu ɗebi tsoka mu auna, bayan wata biyu ta cika, a zaman makoki a ce ai ƙarfe ne ya taɓa shi. Shekarar da aka ɓata babu mai tuna ta.

Abin haushi, wanda ya hana allurar asibiti shi ne zai kai ta a yi mata tsaga da reza. Reza itace ce? Su kuma masu lasifika a kan mota wajen kasuwar Taminus ta Jos, kwalba ɗaya wai tana maganin basir da sanyi da daji. Ku tambaye su wane irin daji, ku ji. Mu sai mun duba tsokar nan muke sanin ko irin wanda ƙwayar magani kamar tamoxifen ke riƙewa ne, ko mai neman kemo, wato magunguna masu ƙarfi da ke kashe ƙwayoyin daji, da tiyata.

Ki tafi asibitin koyarwa na JUTH ko wani babban asibiti cikin makon nan. Za a duba ki, a yi hoto, in da buƙata a kashe wurin a ɗebi tsoka da allura, ki koma gida a ranar. Ki binciko shekarun mahaifiya lokacin da ciwon ya same ta, da ko akwai wata a dangin uwa ko na uba da ta yi na mama ko na ƙwan mahaifa. In Gwaggo za ta yarda, ki zo da ita, mu yi mata bayani da bakinmu.