Amsa ga mai neman sabon abin rubutawa

Wa alaikumus salam, Malam. Ka ce wata uku ke nan da ka fara rubutu, kuma yanzu kana ganin duk abin da ka sani ka riga ka faɗa. Ni ma na shiga wannan hali a shekarata ta farko ta rubutu kan noma da kasuwa a nan Katsina, kuma abin da ya fitar da ni shi ne na daina tambayar kaina me zan rubuta, na koma duba abin da mutane ke tambaya.

Wurin da na fi amfana da shi ba wani wuri ba ne illa akwatin binciken Google. Idan ka rubuta rabin magana, kamar "yadda ake shuka" ko "maganin tsutsar", ka dakata ba ka danna komai ba, zai jero maka ƙarashen da wasu suka saba nema, kuma kusan kowane layi batu ne mai zaman kansa. Sai dai ka rubuta kamar yadda jama'a ke rubutawa a waya, wato ba tare da haruffa masu lanƙwasa ba, domin "kudi" ya fi "kuɗi" fito da sakamako, ko da yake hakan ba ya yi mini daɗi. Ka maimaita a YouTube, tunda mutanenmu da yawa sun fi neman abu ta kallo da sauraro.

Google Trends, wanda aka buɗe a 2006, aikinsa daban ne. Za ka zaɓi Najeriya, ka zaɓi shekara 5 da suka wuce, ya nuna maka watannin da neman abu ke tashi da jihohin da aka fi nemansa. Lambar da yake bayarwa daga 0 zuwa 100 ba yawan mutane ba ce. 100 na nufin lokacin da neman ya kai ƙololuwa ne kawai. Rauninsa shi ne kalmomin Hausa da yawa sai ya ce bayanai ba su isa ba, don haka nakan sa sunan abin da Turanci. Ni lokaci yake koya mini, ba batu ba. Na taɓa ɓata kwana huɗu ina rubutu kan hawan sallar Daura, na fitar da shi mako guda bayan an sauka daga dawaki, kusan ba wanda ya kula. Tun daga nan, batun taki da iri nakan gama shi kafin ruwan farko, ina haɗawa da hasashen damina da hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, NiMet, ke fitarwa a farkon shekara.

Google Alerts kuma na sa masa sunayen Funtua da Jibiya da Mai'aduwa, yana turo mini labaransu ta imel, amma rabinsu ba su da amfani gare ni.

Game da ChatGPT da ka ambata, wato manhajar nan da ake yi wa tambaya ta rubuto amsa, zai ba ka batutuwa ashirin nan take, amma yawancinsu za su dace da ko'ina, ba Katsina kaɗai ba. Na fi ba shi tambayar da na tsinto a ƙarƙashin labaran BBC Hausa ko Aminiya a Facebook, ya taya ni rarraba ta. Idan na ga mutum uku sun yi tambaya iri ɗaya ba wanda ya amsa musu, nakan rubuta ta a ɗan littafin aljihuna, kuma yanzu haka akwai guda goma sha ɗaya da ke jiran layi.